Kasuwannin Hunturu na Birnin Kolon a Idon Ɗan Kurmi

Tun da na dawo daga Jamus, babu ranar da zan buɗe rumfata a layin dukawa na kasuwar Kurmi ba tare da wani ya zauna a kan benci ya nemi labarin ƙasar Turawa ba, kuma kusan kowa tambayarsa ɗaya ce, wato ko na ga dusar ƙanƙara. Ban gan ta ba. Kwana 12 da na yi a birnin Kolon cikin watan Disamba, yayyafi ne kawai da wata iska mai ratsa ƙashi, wadda ta nuna mini cewa muku-mukun da muke kuka da shi a Kano wasan yara ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kasuwannin da suke kafawa a filayen birnin gabanin bikin Kirsimeti, kuma tun da kasuwa na gada kaka da kakanni, da idon ɗan kasuwa na dube su.

Ƙanena ne yake aiki a can, matarsa ta haihu, Hajiya kuma ta ce tafiyar ta fi ƙarfin ƙafarta, sai in je in ga jinjiri a madadinta. Mun tashi daga Abuja da dare, gari ya waye mana a Frankfurt, daga nan jirgin ƙasa mai gudu ya kai ni Kolon cikin kamar awa ɗaya. Duk wanda ya fito daga babbar tashar birnin, abin da zai fara cin karo da shi ita ce babbar majami'arsu, baƙa ƙirin saboda tsufa da hayaƙi, mai hasumiya biyu da tsayinsu ya kai mita 157. An aza harsashinta a 1248, ba a kammala ta ba sai 1880, kuma lokacin da jiragen yaƙi suka ragargaza tsakiyar birnin a Yaƙin Duniya na Biyu, ta sha bama-bamai amma ba ta faɗi ba. Ƙanena ya ce akwai matakala 533 ga mai son hawa hasumiyar. Na ce masa gwiwata ta yi sallama da irin wannan aiki tun ranar da na hau Goron Dutse da yara.

Kafin mutum ya fahimci kasuwannin, sai ya fahimci duhun ƙasar. A wannan lokaci na shekara agogon Jamus da na Najeriya ɗaya ne, ban taɓa agogona ba, amma ranar ba ɗaya ba ce. Ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8:30 na safe, idan ma gajimare ya bari an gan ta, kuma kafin 4:30 na yamma ta faɗi. Azahar tana shiga wajen 12:30, la'asar jim kaɗan bayan ƙarfe 2, magariba kuwa ta riske ka a lokacin da a Kurmi ciniki bai ma fara lafawa ba. A rana ta biyu saura ƙiris la'asar ta kuɓuce mini, domin ina zaune ina jiran inuwa ta karkata kamar yadda na saba, alhali babu rana balle inuwa. Mutanen da za su yi wata da watanni suna fita aiki cikin duhu, su dawo cikin duhu, dole su nemi abin da zai fito da su daga ɗaki, su ga haske, su ga fuskar juna.

Da yammacin wannan rana muka fita, ni da ƙanena da babbar 'yarsa mai shekara 9, wadda ita ce ta zama tafintata, domin Jamusancinta ya fi na ubanta tsabta. Kasuwa ta farko tana gindin majami'ar, a wani fili da ake kira Roncalliplatz. Rumfuna ne na katako kimanin 150, dukkansu da jan rufi, girmansu kusan ɗaya, a tsakiya kuma an kafa wata doguwar bishiya mai ganye kamar allura, an janyo igiyoyin ƙananan fitilu daga ƙololuwarta zuwa kan rumfunan, har sama ta zama kamar an shimfiɗa ragar taurari. Babu wanda ya turo tebur ya ci hanya, babu mai baro, babu mai kiran "zo ka gani, Alhaji". Na tambaya ko tun asali haka wurin yake, ƙanena ya ce a'a, fili ne fetal, a tsakiyar Nuwamba ake kafa rumfunan, ranar 23 ga Disamba a tashi, kafin sabuwar shekara ta yi nisa an kwashe komai kamar ba a yi ba.

Al'adar tsohuwa ce a ƙasashen da ke jin Jamusanci. Ta birnin Dresden, wadda ake lissafa ta cikin mafiya daɗewa, ta samo asali ne a 1434, wato tun kafin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya kafa mana Kurmi, ya hau gadon sarauta a 1463. Kuma farkonta kasuwar nama ce ta yini ɗaya, inda mutane ke sayen abin da za su dafa ranar biki. Da na ji haka sai na ce ashe kasuwar jajibere ce, irin wadda muke yi idan Sallah ta ƙarato, sai dai su tasu ta yi ta miƙewa har ta cinye makonni huɗun da Kiristoci ke jiran Kirsimeti, ta ma ɗara.

Sanyi ya fara cin yatsun ƙafata, domin takalmin da na zo da shi na yawon Kano ne, sai na hangi jama'a sun yi dafifi a wata rumfa, kowa riƙe da kofin tangaran yana tururi, ƙamshin kanumfari da kirfa da ɓawon lemo ya cika wurin. Na ɗauka shayi ne mai kayan yaji irin na mai shayin bakin layinmu, har na ɗaga yatsa ina nuna tukunyar, sai yarinyar nan ta ja hannun rigata.

"Baffa, wannan giya ce aka dafa. Namu yana ɗaya tukunyar."

Ashe abin shan da kasuwar ta fi shahara da shi jar giyar inabi ce da ake ɗumamawa da kayan ƙamshi, amma kusan kowace rumfa tana da wani na ruwan 'ya'yan itace zalla, wanda suke kira abin shan yara, duk da cewa manya da yawa shi suke sha. Shi muka saya, kuma ya yi mini daɗi, ɗanɗanonsa ya yi kusa da zoɓo mai zafi da aka cika wa kanumfari. Da na ga kuɗin da aka karɓa ya haura wanda aka rubuta a allo, sai ɗan kasuwar da ke cikina ya motsa, amma ƙanena ya ce Yuro 3 na sama jingina ce ta kofin, idan na mayar a ba ni kuɗina, idan kuma ina so in tafi da shi, to na saya ke nan. Wannan dabara ta burge ni fiye da fitilun. Dubban mutane suna sha a tsaye, amma ban ga kofin roba ko ɗaya a ƙasa ba, kuma na tuna yadda ledar ruwa take toshe mana kwatar Jakara duk damina.

Batun abinci kuwa, sai Musulmi ya yi hattara, domin yawancin naman da ake gasawa a manyan faifan ƙarfe da ke lilo a kan garwashi na alade ne, har wasu alewoyin masu danƙo ma ba a rasa sinadarinsa a ciki. Duk da haka ban kwana da yunwa ba. Akwai wani abincin gargajiyar Kolon da ake yi da ɗanyen dankalin Turawa, a gurza shi da albasa, a soya a man girki kamar ƙosai amma a faɗaɗe, a miƙo maka guda 3 da markaɗaɗɗen tuffa a gefe. Haɗa mai da zaƙi ya zo mini baƙo, kuma da na sami yaji da na fi jin daɗinsa. Akwai kifi mai jan tsoka da suke kafawa a jikin allunan katako, su jera su kewaye da wutar itace, daidai yadda mai tsire yake kewaye tukuba da tsinkayensa. Akwai kuma lauz da ake juyawa cikin narkakken sukari da kirfa a tukunyar tagulla, wanda ƙamshinsa yake bin mutum har cikin jirgin ƙasa.

Inda na fi daɗewa ita ce kasuwar tsohon gari, wadda ta haɗe filaye biyu, Alter Markt da Heumarkt. An ƙawata ta da siffofin wasu wadanni masu dogon gemu da jar hula, kuma yarinyar ta ba ni tatsuniyarsu muna tafe. Wai a zamanin da, mutanen Kolon barci kawai suke yi, waɗannan wadanni su fito da dare su yi wa mai burodi gashi, su yi wa kafinta sassaƙa, su ƙarasa wa tela ɗinki, har ranar da matar wani tela, saboda son ganin ƙwaƙwaf, ta watsa ƙwayoyin wake a kan matakala don su zame ta gan su. Suka zame, suka yi fushi, suka tafi ba su ƙara dawowa ba, shi ya sa yanzu kowa yake aikinsa da hannunsa. A Heumarkt an daskarar da ruwa kewaye da mutum-mutumin wani sarki a kan doki, yara da manya suna sulu a kai da takalma masu kaifin ƙarfe. Yarinyar ta so in gwada, na ce mata wanda zai kai wa Hajiya labarin karayar ba a haife shi ba.

A wannan kasuwa akwai layin masu sana'ar hannu, kuma a nan na sami ɗan'uwana baduku. Dattijo ne mai furfura, yana zaune a bayan kayansa da basilla da zare mai kaki, yana ɗinkin ɗamara a gaban masu wucewa. Na ɗauki wani alabe, na shinshina, na lanƙwasa shi, na duba bakin ɗinkin. Fatar saniya ce mai kauri, jimar ta yi kyau, kuma tazarar da ke tsakanin kowane huji da na kusa da shi ɗaya ce tun daga farko har ƙarshe. An liƙa masa Yuro 45. Ban san lokacin da bakina ya taya rabin kuɗin ba. Ƙanena ya taka mini ƙafa.

"Yaya, a nan ba a tayi. Abin da aka rubuta shi ne kuɗin."

Dattijon bai ji haushi ba, dariya ya yi, ya tambaya daga ina nake. Da aka ce masa ni ma sana'ata ke nan, sai ya ajiye basilla. Na zaro nawa alaben daga aljihu, na jar fatar akuya, jimar bagaruwa, rinin karan dafi, na miƙa masa. Ya daɗe yana murza ta tsakanin yatsunsa, shi ma ya shinshina, sannan ya ce irin wannan laushi ne suke kira fatar Maroko. Na ce ƙanena ya gaya masa cewa da yawan fatar da Turai ta sani da wannan suna daga ƙasarmu take, daga Kano da Sakkwato, fatake ne suke ƙetara Sahara da ita a kan raƙuma, sunan ya bi tashar da aka yi mata lodi. Na ƙara masa da cewa wani ɗan ƙasarsu, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya rubuta labarin tufafinmu na rini da takalmanmu da jar fatar da ake fita da su ƙasashe masu nisa.

Ya saurara da kyau, sannan ya juya alaben, ya sa farce a gefensa ya nuna mini cewa ba a goge bakin fatar ba, an bar shi da gashi-gashi, ya ja zif ɗin sau biyu ya girgiza kai. Ta bakin ƙanena ya ce fatar ta fi ƙarfin zif ɗin da aka sa mata, domin fatar za ta yi shekara 20, zif ɗin ba zai ga baɗi ba. Maganar ta sosa mini rai, har na so in ce masa mai sayen alabe a Kurmi ba zai biya kuɗin zif mai kyau ba, amma na yi shiru, domin gaskiya ya faɗa, kuma ni na san yaran da nake ba wa ɗinki bisa ƙirgen dozin nake biyansu, ba bisa kyan aiki ba. Na sayi alabensa a kuɗin da ya rubuta, ban nemi gyara ba. Shi kuma ya ba ni ɗan guntun kakin zuma da wani katako mai tsagi da yake goge bakin fata da shi.

Kada mai karatu ya ɗauka duk kayan kasuwar haka suke. Akwai na gaske, kamar sassaƙar katako daga yankin Erzgebirge, da kyandir na kakin zuma, da ƙwallayen gilashi da ake hurawa da baki, amma na ga huluna da 'yan kunne da fitilun roba waɗanda na rantse kwantena ɗaya ta kawo su da waɗanda 'yan koli ke sayarwa a Sabon Gari, an dai ninka musu kuɗi saboda rumfar tana da kyau. Wata rana da daddare na jingina da wani ginshiƙi na yi ta duban hannun masu wucewa, kamar yadda nake yi a gida idan ina so in san ko kasuwa ta ci. Mafi yawansu kofi ne a hannunsu, ba jakar kaya ba. Ma'aikata ne da suka taso daga ofis, da tsofaffi biyu-biyu, da iyaye masu tura keken jarirai, sun kewaye dogayen tebura suna hira a tsaye cikin sanyi. A nan na gane cewa wurin dandali ne da aka yi masa siffar kasuwa, kuma babbar hajar da ake sayarwa ita ce fitowar kanta. Mai alabe yana cin albarkacin mai kofi ne.

Kasuwar filin Neumarkt, mai taurarin fitilu a rassan bishiyoyi, mun ratsa ta ne kawai, cunkoso ya hana mu tsayawa. Ta bakin kogin Rhine kuwa, kusa da gidan tarihin cakulan, fararen tantuna ne masu kama da filafilan jirgin ruwa, kuma a nan, muna kallon dogayen jiragen dakon kaya suna wucewa, ƙanena ya ba ni labarin da ya bayyana mini arzikin birnin. Tun daga 1259 aka ba Kolon wata doka cewa duk falken da ya biyo kogin da kaya, dole ya sauke su a birnin, ya baje su na kwana 3 don mutanen gari su fara taya wa, kafin ya wuce. Dokar ta yi aiki har cikin ƙarni na 19. Na ce lallai waɗannan da kakanninmu sana'arsu ɗaya, domin Kano ma da saukar baƙo ta yi arziki, ayari ya sauka a gidan fatoma, dillali ya ci la'ada, gari ya ƙaru.

Akwai abin da fitilu ba su ɓoye ba. A kowace mashiga an girke manyan tubalan kankare, 'yan sanda kuma suna zagayawa bibbiyu. Ranar 19 ga Disamba 2016 wani ya kutsa da babbar mota cikin irin wannan kasuwa a Balin, mutum 13 suka rasa rayukansu, tun daga nan aka tsananta tsaro. Ƙanena ya ce a makonnin da suka biyo bayan harin, shi da matarsa mai hijabi sun ga sauyi a idon wasu maƙwabta. Mu da muka ga abin da aka yi wa masallata a babban masallacin Juma'a na cikin garin Kano a Nuwamban 2014, ba sai an yi mana bayanin yadda tsoro yake shiga wurin taro ba. Ni dai da hulata ta zanna na yi yawona, ban ga wanda ya harare ni ba, kuma ranar Juma'a muka yi salla a babban masallacin unguwar Ehrenfeld, wanda Turkawa suka gina da kankare da gilashi, sahu ya cika har waje.

Na dawo na tarar da hunturu ya kankama, hazo ya rufe Dala, an kuma tashi daga kasuwar baje koli ta titin gidan zu. A makon farko na kawo wa maƙwabcina na rumfa, wanda ya girme ni da shekara 10, shawarar cewa mu ma muna da sanyin dare, muna da masu tsire da gurasa da shayi, muna da dukawa da maƙera da marinan Ƙofar Mata, kuma jama'a suna zuwa daga nesa kallon Hawan Daushe, me zai hana a ware mako biyu na hunturu a kafa rumfuna a fili ɗaya, kowane mai sana'a ya yi aikinsa a gaban jama'a har bayan lisha. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Alhaji, to wa zai ba mu wutar?" Na ce akwai sola. Ya ce in fara shawo kan mutum 5 a layin nan su yarda da farashi ɗaya tukuna, sannan in dawo mu yi maganar sola. Har yau mutum 2 na samu, kuma ɗayansu ɗana ne.

Katakon da dattijon ya ba ni yana hannun yaran ɗinki, na kuma sauya musu lissafi, duk alaben da aka goge bakinsa aka sa masa zif mai kyau ina ƙara musu wani abu a kai. Masu saye suna juya shi su yaba, sannan su taya rabin kuɗi, in ce albarka, mu yi ta ja har mu daidaita. Kofin kuwa ban mayar ba, na bar musu Yuro 3 ɗinsu. Na kawo shi ne da niyyar zuba basilla da allurai a rumfa, amma ranar da na je kai wa Hajiya hotunan jinjiri ta gan shi a cikin tsaraba, ta juya shi ta ga zanen wadan nan mai jar hula, ta tambaya ko wane ne wannan tsoho. Na ba ta labarin matar tela da wakenta. Ta yi dariya har da tari, ta ce ko a ina matar tela ba ta jin magana, sannan ta kira jikarta ta ce a ɗauraye kofin a zubo mata kunun tsamiya tun bai huce ba.